Google ya juya wa tsofaffin na'urorin ɗumama gida baya: Ina ruwan Zuru?

A ranar 25 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Google na Amurka ya yanke hulɗa tsakanin manyan kwamfutocinsa da tsofaffin na'urorin daidaita zafin ɗaki samfurin Nest, waɗanda aka fitar a shekarun 2011 da 2012, da kuma wadda aka ƙera domin kasuwar Turai a 2014.

Na'urorin dai ba lalacewa suka yi ba. Har yanzu mai gida zai iya tashi ya je jikin bango ya murɗa su da hannu. Abin da ya rasa shi ne ikon sarrafa su daga wayar salula ta hanyar intanet, wanda kuma shi ne babban dalilin da ya sa mutane suka biya dala 249 suka sayi ta farko lokacin da ta fito.

Matakin ya bar masu gidajen da zaɓi uku: su ci gaba da amfani da na'urar a haka, ko su sayi sabuwa a kan rangwamen da kamfanin ya yi musu tayi, ko kuma su cire ta su mayar da irin ta dā, wadda ba ta san intanet ba balle wani kamfani ya kashe ta daga nesa. A Turai ma zaɓin ya fi ƙunci, domin Google ya ce ba zai sake fitar da sabbin na'urorin a nahiyar ba, saboda bambancin tsarin ɗumama gidaje daga wata ƙasa zuwa wata.

Mutumin Zuru da ke kudancin jihar Kebbi, wanda rabin shekara zafi yake gudu, zai iya cewa wannan rigimar masu dusar ƙanƙara ce. To amma tambayar da lamarin ya taso da ita ta riga ta iso gidajen kaji da dakunan shan magani da mitocin wutar lantarkin yankin: idan mutum ya sayi na'ura da kuɗinsa, a hannun wa makunninta yake?

Yadda ta gargajiya ke aiki

Na'urar daidaita zafi, wadda masu gyaran firji ke kira tamostat, ba baƙuwa ba ce a gidajen Hausawa. Ita ce ke sa dutsen guga na lantarki ya yi ƙas ya ɗauke idan ya yi zafi, ya sake kamawa idan ya huce. Ita ce kuma ke tsayar da injin firji idan sanyi ya kai inda ake so.

A yawancin na gargajiya, ƙarafa biyu ne mabambanta aka manne wuri guda. Da yake zafi ba ya buɗa su daidai wa daida, sai sillen ya lanƙwashe idan ya ɗumama, ya raba wayar wuta, sa'annan ya miƙe ya sake haɗa ta idan ya huce. Ba ya buƙatar batir, ba ya buƙatar sabis, kuma idan ya gaji ana sauya shi da kuɗi kaɗan.

Wani abin lura shi ne, ba domin gidaje aka fara tunanin na'urar ba. Tun wajajen shekarar 1620 wani ɗan ƙasar Holan mai suna Cornelis Drebbel ya ƙera wata dabara ta tsayar da zafi wuri guda domin ƙyanƙyasar ƙwan kaji. Sai daga baya, a 1883, Warren Johnson ya yi rajistar mai aiki da lantarki a Amurka, bayan ya gaji da yadda zafin azuzuwan makarantar da yake koyarwa ke hawa da sauka.

Abin da Nest ya ƙara a kan wannan tsohuwar dabara shi ne ƙwaƙwalwa. Na'urar tana lura da lokacin da mutanen gida ke tashi da lokacin da suke fita, tana rage wuta idan ba kowa, tana kuma karɓar umurni daga waya. Wannan ne ya sa Google ya sayi kamfanin a kan dala biliyan 3.2 a shekarar 2014.

Kamfanin ya ce na'urar tana rage kuɗin ɗumama gida da kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Sai dai wani bincike da wasu masana tattalin arziƙi suka fitar a 2022, ciki har da John List na Jami'ar Chicago, bayan gwajin wata na'ura mai kama da ita a gidajen jihar Kalifoniya, bai ga wani ragin a zo a gani ba. Dalilin da suka bayar shi ne mutane kan yi watsi da tsarin da na'urar ta shirya, su murɗa ta yadda jikinsu ya ce musu.

Ba yau farau ba

Abin da ya faru a watan Oktoba ba shi ne karo na farko da masu irin waɗannan na'urori suka gane cewa ba su kaɗai ke iko da su ba.

A watan Janairun 2016, wani kuskure a manhajar da kamfanin ya tura wa na'urorin Nest ta intanet ya zuƙe batiransu, mutane suka wayi gari cikin ɗari a tsakiyar lokacin sanyi.

A ƙarshen watan Agustan 2022 kuma, kamfanin lantarki na Xcel a jihar Kolorado ya kulle na'urorin abokan hulɗarsa kimanin 22,000 na wasu sa'o'i a ranar da ake tsananin zafi, domin rage nauyi a kan layukansa. Mutanen dai su suka sa hannu a kan yarjejeniyar don samun ragin kuɗi, amma da yawansu sai a ranar suka fahimci abin da suka amince da shi.

Kwana biyar ma kafin matakin na Google, lokacin da manyan kwamfutocin kamfanin Amazon suka sami tangarɗa a ranar 20 ga watan Oktoban 2025, masu wani gado mai ɗumama kansa da kamfanin Eight Sleep ke sayarwa sun koka cewa gadajen sun yi ta zafi, kuma sun kasa rage shi saboda hanyar ba da umurnin ta katse.

Duka waɗannan sun faru ne a ƙasar da wuta da intanet ba safai suke ɗaukewa ba.

Inda zafi ke nufin rai ko asara

A ƙasar Zuru, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Sakaba da Danko/Wasagu, ba a ɗumama ɗakin kwana da inji. Bargo da kaskon wuta sun wadatar a 'yan makonnin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu. Amma akwai wurare uku da kuskuren digiri biyu ko uku kan zama asarar dukiya ko ta rai.

Na farko shi ne gidan kaji. Ƙwai na buƙatar zafin da ya kai digiri 37 da rabi a ma'aunin Salsiyas har tsawon kwana 21 kafin ya ƙyanƙyashe, kuma idan zafin ya haura 40 na wasu sa'o'i, abin da ke ciki kan mutu. 'Yan tsaki kuma, waɗanda akasarinsu daga gonakin kudu maso yammacin Najeriya ake yo safararsu zuwa arewa, suna son digiri 32 zuwa 35 a makonsu na farko. Daren hunturu guda da wuta ta ɗauke ya isa ya sa su danne juna a kusurwa, a wayi gari ana kwasar gawa.

Shi ya sa gogaggun masu kiwo ba sa rabuwa da kaskon gawayi ko da suna da ƙwan lantarki. Kuma ba ma'auni kaɗai suke kallo ba, su kan kalli tsakin ne da kansu. Idan sun cunkushe a gindin wuta, sanyi suke ji. Idan sun watse sun manne da bango suna haki, zafi ya yi yawa. Idan sun bazu suna ci suna sha, al'amari ya daidaita.

Ƙananan injinan ƙyanƙyasa da ake shigowa da su daga Chana sun sauƙaƙa wa masu ƙaramin jari, kuma yawancinsu suna da allon lambobi mai nuna zafi. Matsalar tana zuwa ne ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona allon alhali ƙwai na kwana na goma sha biyu. Wanda injinsa ke karɓar kowace irin na'urar daidaita zafi da ake samu a kasuwa zai iya ceto ƙwansa kafin dare. Wanda kuwa sai allon kamfanin da ya ƙera ne kaɗai zai shiga nasa, sai dai ya jira saƙo daga Kano ko Legas.

Wannan fanni ne da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, za ta iya yin tasiri a cikinsa fiye da kowa, ta hanyar gwada injinan da ke yawo a kasuwa da horas da matasan da za su riƙa gyara su a gida.

Na biyu shi ne firjin alluran rigakafi. Yawancin alluran suna buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma wasunsu daskarewa ma lalata su take yi. Shekaru da dama an dogara da firji mai aiki da kananzir, daga baya aka koma na sola mai batir, amma batiran kan mutu cikin 'yan shekaru a bar firjin ya zama kabad.

Maganin da aka samo shi ne cire batirin gaba ɗaya. Sabbin firjin, irin waɗanda ƙawancen Gavi ya taimaka wa Najeriya ta raba wa cibiyoyin lafiya a matakin farko, suna amfani da hasken rana kai tsaye su daskarar da ruwa a jikinsu, sanyin ƙanƙarar ya riƙe alluran cikin dare da ranakun hazo. Wasu an maƙala musu na'urar da ke aika saƙo ta waya idan zafi ya hau. Sai dai muhimmin abu shi ne, ko sabis ya ɗauke firjin na ci gaba da aikinsa. Ƙwaƙwalwar ƙari ce kawai, ba ita ke riƙe da ran injin ba.

Haka ma ɗan tambarin nan da ke jikin kwalbar maganin shan inna, wanda aka fara amfani da shi tun 1996. Idan zafi ya taɓa maganin fiye da ƙima, ɗan murabba'in da ke tsakiya yakan yi duhu, ma'aikaciya ta gani da idonta ta ajiye shi gefe.

Kwalbar bakwaini

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne kwalbar da ake sa jariran da aka haifa ba su cika wata tara ba. Jikin bakwaini ba ya iya riƙe zafinsa, kuma ana son ya tsaya tsakanin digiri 36 da rabi zuwa 37 da rabi. Kwalbar, idan aka cire ado, akwati ne mai ɗumama da fanka da na'urar daidaita zafi.

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan wasu asibitocin gwamnati ya san yadda ake jibge irin waɗannan injina. Wani nazari da masu bincike na Jami'ar Duke ta Amurka suka wallafa a 2011, a kan kayan asibiti fiye da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, ya gano cewa kimanin kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki. Ba wai don sun tsufa ba ne kawai. Rashin horo da rashin tsarin kulawa da kuma rashin abubuwa irin su tsayayyar wuta su ne kan gaba a dalilan.

A nan ne aikin Farfesa Hippolite Amadi, injiniya ɗan Najeriya da ke kwalejin Imperial a London, ya shigo. Tun farkon shekarun 2000 yake bin asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya yana tayar da matattun kwalabe. Yakan bar akwatin yadda yake, ya cire allon kamfanin da ya ƙone wanda ba a samun irinsa, ya sa na'urorin da ake iya saye a kasuwa, a kan kuɗin da bai kama ƙafar na sabuwar kwalba ba. A shekarar 2023 ya lashe kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG, ta dala 100,000, saboda na'urorin taimaka wa jarirai numfashi da ya ƙera.

Ya kamata a lura cewa abin da Farfesan ke sakawa ba lallai ne ya zama tsohon yayi ba, domin shi ma yana da allon lambobi. Bambancin shi ne ba a ɗaure yake da kamfani guda ba, kuma ma'aikacin da aka horar a asibitin zai iya buɗe shi.

Binciken da ya yi da abokan aikinsa a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru a jihar Yobe ya kuma nuna wani abin da masu ƙera kwalaben a ƙasashen sanyi ba su yi lissafi da shi ba. Kwalba ɗumamawa kawai ta iya, ba ta iya sanyayawa. A lokacin bazara, idan bango da rufin ɗaki suka sha rana, zafin ɗakin kan zarce wanda aka saita, sai jarirai su riƙa zazzaɓi da yamma ba tare da wata cuta ba. Gyaran da aka yi a can na ginin ɗakin ne, ba na injin ba.

Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a watan Nuwamban 2022, ta sauya shawararta, inda ta ce a ɗora bakwaini a ƙirjin mahaifiyarsa fata da fata nan take bayan haihuwa, maimakon a fara sa shi a kwalba, in ban da wanda ke cikin mawuyacin hali. Dabarar ta samo asali ne a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, a wani asibitin da kwalabe suka yi wa kaɗan.

Wuta da sabis

Dalilin da ya sa wannan batu ya fi tsanani a arewa maso yamma a fili yake. Na'ura mai dogaro da intanet tana tsaye ne a kan ƙafa biyu, wuta da sabis, kuma babu wadda ba ta taɓa karyewa ba a 'yan shekarun nan.

A watan Satumban 2023 gobara ta cinye manyan taransifomomi a tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, lamarin da ya jefa sassan Kebbi da Sakkwato da Zamfara cikin duhu. A 2024 babban layin wutar ƙasar ya durƙushe fiye da sau goma. A watan Maris na wannan shekarar kuma, katsewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku ta gurgunta harkokin bankuna a Najeriya da maƙwabtanta.

Sa'annan ga abin da ya faru a Zamfara, wadda ke iyaka da ƙasar Zuru, inda a watan Satumban 2021 hukumomi suka ba da umurnin rufe layukan waya saboda yaƙi da 'yan bindiga, kafin daga bisani matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. A yawancin Zamfara an shafe kusan wata uku babu sabis. Duk injin da ke jiran umurni daga wata kwamfuta a ƙetare, a wannan lokacin ya zama maraya. Matsalar tsaron da ke addabar Danko/Wasagu da Sakaba ita ma tana nufin ba kowane injiniya ne zai yarda ya taso daga Abuja don gyaran allo guda ba.

Mita ma ta nuna

Miliyoyin 'yan Najeriya sun riga sun ɗanɗani irin abin da masu Nest suka gani, ta hanyar mitar kati. Kowace lambar wuta da mutum ya saya tana ɗauke da ƙidayar mintuna da aka fara tun ranar 1 ga watan Janairun 1993, kuma gurbin da aka ware wa ƙidayar ya cika ne a ranar 24 ga watan Nuwamban 2024. Mitar da ba a shigar mata da wasu lambobi na musamman ba kafin lokacin, sai ta daina karɓar sabon kati.

Kamfanonin rarraba wuta, ciki har da na Kaduna wanda Kebbi ke ƙarƙashinsa, sun yi ta shelar a sabunta, kuma hukumar NERC ta ce kyauta ne. Amma a Legas, inda aka ce wasu tsofaffin mitoci samfurin Unistar ba za su sabuntu ba, sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta tsoma baki, ta ce ba za a ɗora wa jama'a kuɗin sauya su ba. Sabuwar ƙidayar ma tana da ranar ƙarewa, a shekarar 2045.

Akwai kuma sola da wayoyin salula da ake bayarwa bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan, waɗanda kamfani ke kullewa daga nesa idan aka yi jinkiri. Tsarin ya kai haske gidajen da ba su taɓa ganin turken lantarki ba, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai mai saye yana da haƙƙin sanin abin da zai faru da kayansa idan kamfanin ya rufe ko ya bar ƙasar, domin zanen aro ba ya rufe katara.

Kuskuren ɗaya gefen

Duk da haka, komawa ga na'ura mai sauƙi daban ne da cire na'urar gaba ɗaya, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna a garejojin arewa. Da yawan makanikai, da zarar motar Beljiyam ta shigo hannunsu, sai su cire tamostat ɗin da ke tsakanin inji da lagireto, su haɗa fanka kai tsaye, a kan cewa don ƙasar sanyi aka yi shi.

Alhali aikinsa shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, sa'annan ya buɗe. Idan babu shi inji kan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu, ya ƙara shan mai, ya kuma yi saurin cinyewa. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ƙarin ya zama kuɗin da direba ke ji a aljihunsa kowace rana, ko da bai san daga inda yake zurarewa ba.

Abin da doka ta ce

A Birtaniya, wata doka da ta fara aiki a ranar 29 ga watan Afrilun 2024 ta wajabta wa masu ƙera kayan da ke haɗuwa da intanet su bayyana wa mai saye mafi ƙarancin lokacin da za su ci gaba da sabunta tsaron manhajarsu. Ƙungiyar Tarayyar Turai ita ma ta amince da dokar haƙƙin gyara a shekarar, wadda ta tilasta wa kamfanoni gyara wasu kayayyaki da samar da kayan gyaransu a kan farashi mai ma'ana. Dokokin ba su hana kamfani janye hannu ba, amma sun rage yin hakan cikin duhu.

A Najeriya, manyan masu sayen irin waɗannan kaya su ne gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji, kuma su ne ke da ƙarfin gindaya sharaɗi kafin a sa hannu a kwangila: ko injin zai ci gaba da aiki idan babu sabis, ko yana da makunnin hannu, ko ana samun kayan gyaransa a Kano ko Kaduna, da kuma ko an horas da wani daga cikin ma'aikatan asibitin da za a kai shi. Galibi dai abin da ake nuna wa jama'a ranar ƙaddamarwa shi ne yawan injinan da kuɗin da aka kashe.

Abin jira a gani shi ne ko hukumar FCCPC, wadda ta tsaya wa masu mita a Legas, za ta faɗaɗa wannan matsayi zuwa sola da injinan ƙyanƙyasa da sauran kayan da ke shigowa kasuwannin arewa, da kuma ko ma'aikatun lafiya na jihohi irin su Kebbi za su fara ƙirga injinan da ke aiki bayan shekara biyu da raba su.